Tauraron Gefen Sunan Baba

Ringdal, Dakota ta Arewa
27 ga Oktoba

Royce,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, kada ka jira ƙari, don ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba. Shekara uku ban rubuto maka ba, kuma da son raina ne da na cika huɗu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shafin intanet ɗin da ka gina wa cocinmu, na direbobin sa kai masu kai marasa lafiya wankin ƙoda, ya lalace a hannuna. Tun rasuwar Misis Odegaard ni nake riƙe da shi. A farkon watan nan asibiti ya sauya fom ɗinsa, ya ce dole jadawalinmu ya bi tsarin nasa layi da layi, don daga shafinmu ma'aikatan jinya suke kwafa. Sai na ƙara layin tsaye ɗaya, na ranar ganin likita, na cusa shi tsakanin lambar waya da ranar wanki, inda suka ce. Na duba komai ya zauna daram, har na yaba wa kaina. Ashe takardar da shafin yake fitar wa direbobi kowace safiya ta koma bin ranar likita, ta watsar da ranar wanki.

Mutum bakwai aka tsallake ranar Litinin da ta biyo baya. Shida sun ɗaga waya kafin ƙarfe takwas sun wanke ni tas, na tura musu mota. Ina kicin ɗin makaranta, hannuna dumu-dumu da kwaɓin burodi, ban tsaya na ƙirga ba. Wannan laifina ne, ba sai ka faɗa ba. Na bakwai ka san shi.

Baba ya sa kwat da hula tun shida da rabi, ya zauna a baranda da jakarsa a cinya har rana ta take. Waya tana jikin bango, taku biyar daga kujerarsa. Da bai ga Delbert, direban da yake ɗaukarsa, ba sai ya tashi ya tafi duba shanu. Ranar Talata na kai masa abinci na tarar ƙafafunsa sun kumbura takalmi ya ƙi shiga, numfashi yana fita da ƙyar. Kwana uku ya yi a gadon asibiti. Na tambaye shi me ya hana shi kira, ya ce Delbert yana da abin da ya dame shi. Ka san inda maganar ta dosa, tunda kai ne ka sha ka hau motar Baba ka bar Connie matar Delbert tana jan ƙafa da ƙarfen tafiya har yau.

Misis Tvedt, shugabar sashen wankin, ta ba ni zuwa 26 ga Nuwamba. Ranar kwamiti zai zauna, za ta buɗe shafin a gabansu. In bai fitar da takarda daidai ba, asibiti zai zare hannunsa daga direbobin sa kai, wanda ba shi da mai kai shi kuma a nema masa gado a gidan tsofaffi a birni. Mil sittin ne, sau uku a mako, aikina ba zai bar ni ba. Da na gaya wa Baba, yana shafa wa burodinsa man shanu ya ce, "In sun zo kai ni birni, ki ce su bar wankin. A gonar nan aka haife ni." Ko ɗago kai bai yi ba. Likita ya ce wanda ya bar wanki da wuya ya wuce mako biyu.

Na leƙa rubutun cikin shafin, na ga lambobi, na mayar da wani uku ya koma huɗu, sai lokutan ɗauka suka birkice, na mayar da shi. Na kai wa mai gyaran kwamfuta a birni, ya ce a zubar a gina sabo, kuma sai Janairu yake da sarari. Waya ba za ta yi mana ba. Layin gida Baba ya sa na toshe shi tun kiranka na uku, lambata kuma ba ta cikin jerin da gidan yari ya amince maka ka kira. Na cike takardar neman a sa ta, sun ce kwana talatin.

Ka rubuto min abin da zan yi, dalla-dalla, kamar kana magana da wadda ba ta san komai ba. Kuma wai tauraron nan da yake fitowa gefen sunan Baba shi kaɗai a takardar direbobi, na mene ne? Na nemi inda yake in goge ban gani ba.

Ka huta lafiya.
Janelle


Ringdal
8 ga Nuwamba

Royce,

Ina gaisuwa, in har gaisuwata tana isa inda kake.

Kwana goma sha biyu ke nan. Kullum sai na tsaya a akwatin wasiƙa kafin in cire takalmin aiki, ba na samun komai sai tallan taya. In fushi kake, ka yi fushin da ni bayan 26 ga wata, zan tsaya ka gama. In kuma ka manta yadda ka gina abin, ka faɗa min in san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Da hannu nake rubuta takardun direbobi yanzu, marasa lafiya arba'in da ɗaya, direba tara, kafin in tafi kunna murhun makaranta. Shekaranjiya na tura mota biyu gida ɗaya na bar wata tsohuwa tsaye a ƙofa cikin ƙanƙara. Allah ya sa tana da baki, ta kira. Misis Tvedt ta ji labari, ta rubuta wani abu a littafinta. Kuma ta sanar da ni wata mai zuwa za su ƙaro layi biyu a fom ɗin.

Na zauna na yi bincike da kaina. Na karanta cewa ana iya liƙa wa layin jadawali ɓoyayyen suna wanda ido ba ya gani, ana fara shi da kalmar data. Na ga wasu 'yan layuka a can saman jadawalinka masu harufan c da o da l, guda-guda ga kowane layin tsaye, na ce to ai ga su nan. Na liƙa musu sunayen duka. Ko gezau. Takardar tana nan tana bin ranar likita kamar an yi mata asiri.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Baba ya yi magana da Harlan maƙwabcinsa, ya ce ya zo ya kwashe shanun bayan bikin godiya na ƙarshen watan nan. Ranar Asabar na same shi a rumbu yana ɗaura wa kayan aikinsa 'yan takardu, kowane da sunan wanda za a ba. Ya tambayi fasto ko har yanzu ana rera waƙar da aka yi wa Mama. Na yi masa ihu a gaban kaji da kare, ya bar ni na gama, ya ce in miƙo masa igiya.

Ina jin tsoro, Royce. Ban taɓa roƙonka komai ba tun muna yara, kai ne mai roƙo. Yau na roƙe ka.

Yayarka,
Janelle


Gidan yari na jiha
13 ga Nuwamba

Yaya Janelle,

Gaisuwa mai tarin yawa, da ban haƙuri wanda ya fi ta yawa. Ki gai da kare. Sauran mutanen gidan ban san ko an ba ni izinin gaishe su ba.

Ban yi fushi ba, ina ni ina fushi. Ranar da wasiƙarki ta farko ta zo, ranar na amsa, shafi huɗu, na rubuta miki umarnin kwamfutar tsaf yadda za ki kwafa. Ba ta fita daga ginin nan ba. Ma'aikacin ɗakin wasiƙu ya ga alamomi da bakuna da ɗige-ɗige, ya buga mata hatimin rubutun asiri, ya ajiye ta kwana goma. Aka kira ni ofis aka tambaye ni da wa nake shirya guduwa. Na ce da wata mai dafa wa 'yan firamare makaroni. Ba su yi dariya ba, sun cire ni daga aikin laburare na mako guda. Don haka a wannan wasiƙar babu alama ko ɗaya. Maganar shanu za mu yi, ita ba wanda ya hana.

Laifin ba naki ba ne. Kin tuna abin da Baba yake cewa in muka ce masa saniya ta uku daga bakin kwami ba ta da lafiya? Sai ya ce ta uku yaushe, ai sun motsa, ku karanto min lambar kunnenta. To ni na gina shafin nan yana gane layi da inda yake tsaye. Na ce masa na huɗu shi ne ranar wanki, na tafi shan giyata. Na san hanyar da ta dace, lalaci ne ya hana ni. Kika shigo da sabuwar saniya, kowa ya matsa. Kwamfuta kuma daga sifili take fara ƙirga, ukun da kika gani na huɗu yake nufi, kuma lambobin ba wuri ɗaya suke ba. Ko da kin gyara lambobin duka, wata mai zuwa da sun ƙaro layi sai a koma gidan jiya.

Bincikenki ya kai ki bakin ƙofa, na yi alfahari da ke, ko ba ki so. Ɓoyayyen sunan nan shi ne lambar kunnen. Kuskuren kawai kin rataya ta a jikin shinge. Waɗancan na sama masu c da o da l faɗin layi da launinsa suke kula da shi, ba su iya gaya wa umarnina na nawa ne su a jere. Ki cire abin da kika liƙa musu.

Ki sauko ƙasa kaɗan, inda kanun layukan suke, Suna, Gida, Waya da sauransu. Kowane kai yana da ɗan baka mai tsini a gabansa, da harufan t da h a ciki. A cikin bakan nan, bayan harufan, ki bar fili, ki rubuta data, karan ɗori, kunne, duk a haɗe. Sai alamar daidai. Sai sunan layin a tsakanin alamar zance, ki buɗe ki rufe. Sunayen shida ne, ƙananan baƙaƙe: suna, gida, waya, likita, wanki, lokaci.

Sannan ki gangara can ƙarshen shafin. Akwai wani ɗan umarni da na raɗa wa Tip, sunan karenmu na da. Aikinsa ke nan, ki ba shi suna ya je ya nemo mai ɗauke da lambar ya dawo ya gaya miki inda take tsaye yau. Wuri biyar za ki ga lamba zaune cikin baka mai kusurwa. A kowane ki goge lambar, ki rubuta Tip, sai sunan layin a cikin alamar zance, a cikin baka mai lanƙwasa. Sifili suna ne, ɗaya gida, biyu waya, uku wanki, huɗu lokaci. In kin gama ki sa kwamfutar ta nemo miki kalmar kunne a cikin jadawalin, ki tabbata ba ki tsallake kai ko ɗaya ba. In abu ya ƙi, alamar zance ce kika buɗe ba ki rufe ba, kowa da ita yake fara faɗuwa.

Maganar tauraro, ki bar shi. Ba ya cin komai, ba ya hana komai.

Na karanta zancen takardun da yake ɗaura wa kayan aiki. Ina nan zaune da hannu biyu lafiyayyu, aikin minti goma ne, kuma ba zan iya taɓa shi ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na sani, amma wannan karon bakin Baba ne yake ƙonewa. Ki yi sauri, Yaya. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne.

Ƙanenki,
Royce


Ringdal
20 ga Nuwamba

Ƙanena Royce,

Ina gaishe ka, gaisuwa ta gaske wannan karon.

Ya yi. Sai a karo na uku, don na bar alamar zance a buɗe a kan waya, kamar yadda ka yi min baki. Da na rufe ta takardar Laraba ta fito da mutum goma sha tara, na gwada da tawa ta hannu suna bayan suna, ba bambanci. Ban yarda ba, na ƙirƙiro layin ƙarya na launin safa na cusa a tsakiya, na ɗauke ranar wanki na kai ta ƙarshe. Tip ya bi ta ya kamo. Na zauna a ofishin coci ina kuka, fasto ya leƙo ya ɗauka wani ne ya rasu.

Sai na yi abin da ka ce, na sa a nemo min kalmar kunne a jadawalin. Shida na liƙa. Bakwai ta nuna min.

Ta bakwai tana maƙale a ɗan akwatin sunan Baba. Ita take fitar da tauraron, kuma a bayanta akwai wani ɓoyayyen rubutu da bai taɓa fitowa a fuskar shafin ba. Ka san abin da ka rubuta, amma zan maimaita maka don ka ji yadda yake a bakin wani: "Wannan babana ne. Ko zai mutu ba zai kira ba. Duk wanda ya riƙe shafin nan bayana, don Allah a je ko bai kira ba."

Ashe ka iya sa lambar kunne, ja'iri. Sau ɗaya ka yi, shekara biyar da suka wuce, lokacin da kai da shi ba kwa iya gama cin abinci a tebur ɗaya. Na tambayi Delbert ko ya san ma'anar tauraron. Ya ce marigayiya Misis Odegaard ta gaya musu gidan mai tauraro ana ƙwanƙwasawa har sai ya fito. Ya ce ranar Litinin ɗin sai da ya rage gudu a mararrabar gonarmu, ya sake duba takarda bai ga sunan ba, ya wuce, kuma har yau abin yana cin sa.

Na buga rubutun cikin duka a takarda, har da Tip ɗinka da lambobin kunne, na ja layi a ƙarƙashin wurin, na kai wa Baba. Kada ka ce min ba ka so ba, ban tambaye ka ba. Ya nemo tabarau ya karanta a tsaye, ya daɗe fiye da yadda layi uku suke buƙata. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun riga, ya tambaye ni ko na duba ruwan shanu bai daskare ba.

Ga abin da ya sa murnata ta koma ciki. Na ce masa shafi ya gyaru, ba mai kai shi birni. Ya ce ya ji, amma maganarsa da Harlan tana nan. Ya ce ko da shafi ko babu, ya gaji da zama a motar mutumin da gidansa ya cuta, sau uku a mako, ana ba shi kofi. Ya ce in an gama cin talotalon bikin godiya zai gaya wa likita ya gode. Ni na ɗauka kwamfuta nake yaƙi da ita, ashe ita ce mai sauƙin.

Na yi kuka, na yi zagi, na turo fasto. Dabarata ta ƙare. Bai ce in toshe akwatin wasiƙa ba, layin waya kawai ya ce. Adireshin bai sauya ba.

Yayarka mai ƙaunarka, duk da halinka,
Janelle


Gidan yari na jiha
24 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafafun sun saɓe.

Ban isa in roƙe ka komai ba. Abin da ya sami Connie ni na yi shi, ba kai ba, kuma ni nake zaune a kansa, nan ne wurin zaman. Kai ba ka taɓa taka ko kazar wani ba a shekara hamsin da kake tuƙi. Delbert ba yaro ba ne, ya san gidan da yake zuwa, kuma shekara uku ba wanda ya tilasta masa ya juyo mararrabar nan. In ka ƙi shiga motarsa, ka hana shi abin da ya zaɓa da kansa.

Wata goma sha ɗaya ya rage min. Ba na cewa ka yafe min. Ina so in fito in tarar da kai a baranda, ko da juya min baya za ka yi. Kayan aikin da ka ɗaura wa sunana, in akwai, ba na so a ba ni su ta hannun Janelle.

Ka shiga motar, Baba.

Ɗanka,
Royce


Gona
5 ga Disamba

Royce,

Na samu takardarka. Muna lafiya. An yi dusar ƙanƙara inci takwas, ruwan shanu bai daskare ba.

Matar asibiti ta buɗe abin naka a gaban kwamiti, ya yi aiki. Delbert ya zo Litinin, ya zo Laraba. Yana ƙwanƙwasa ƙofa kamar zai ɓalle ta, alhali ina zaune a baranda yana kallona. Na ce wa Harlan ya bar shanun sai bazara mu gani.

Tip bai taɓa sanin lambar kunne ba, da hanci yake aiki. Ka gyara wannan.

Sauran abin da ka rubuta a cikin injin gaskiya ne, ni ba na kira. Janelle ta kawo takardar buɗe layi, na sa hannu. Ranar Lahadi bayan coci ina gida.

Ubanka,
Arlo Vetter